Yaren Mutanen Kan Dutse

Babaji ne ya shigo da mutumin har bakin gado, yana riƙe da hannun rigarsa kada ya kuɓuce. Ɗan Caina ne, gajere, da hular kwano ta ma'aikatan titi a hammatarsa. Matan da ke jinya a ɗakin suka gyara mayafansu suka zuba ido.

"Alhaji, ga shi na kawo maka ɗan garinsu," in ji Babaji. "Kai dai dubi idon."

Alhaji Sammani ya san ba ɗan garinsu ba ne. Ya sha gaya wa Babaji, maƙwabcinsa na shagon taya a Ƙofar Kaura, cewa matarsa 'yar ƙasar Filifin ce, amma Babaji ya tsaya a kan duk wanda fatarsa ta yi fari idonsa ya yi ƙanƙane, to gari ɗaya suka fito. Duk da haka Sammani bai hana ba. Ya matsa ya ba baƙon wuri.

Mutumin ya sunkuya ya yi wa Hajiya Ramla magana a hankali. Ta dube shi da idon da ya rage mata mai motsi, sannan ta kau da kai ta koma kan 'yarta Hauwa'u, ta kama wuyan hannunta da hannun hagu, ta sake faɗin maganar nan da take faɗi tun ranar da ta farfaɗo. Doguwar magana ce, tana hawa tana sauka, ƙarshenta kamar tambaya. Ɗan Caina ya saurara har ta gama, ya girgiza kai ya ce babu, babu. Amma kafin ya fita ya yi wa Sammani kwatance da Turanci da hannu: akwai wani injiniya ɗan Filifin da ke kula da injinan kamfaninsu, yana zaune a GRA, bayan wani gida mai koren ƙyaure.

Hawan jini ne ya kayar da Ramla a tsakar gidansu na Ƙofar Kwaya, ya shanye mata ɓarin dama. Da ta farfaɗo bakinta ya buɗe, sai dai babu Hausa a ciki. Matar da ta fi shekara ashirin a Katsina, wadda in tana ciniki a kasuwa sai an waiwayo an ga fuskarta kafin a yarda ba haifaffiyar cikin gari ba ce, ta tashi ba ta san "sannu" ba. Larabcin da suka yi soyayya da shi a Jidda, lokacin Sammani yana tuƙa motar ma'aikatan asibiti ita kuma tana goge-goge a ɗakin haihuwa, shi ma ya tafi. Turanci ya tafi. Likita ya ce ana samun haka, abin da mutum ya koya da girma ya zube, wanda ya sha a nono ya tsaya. Ya kuma ja Sammani gefe ya ce zuciyarta ta yi rauni, kada a ɗora rai da yawa. Yaya Tani, yayar Sammani, ta ce iska ce ta hau ta, ta kawo malami ya yi ruƙiyya. Ramla ta saurari karatun shiru, da aka gama ta kama hannun Hauwa'u ta ci gaba da maganarta.

Ita Hauwa'u ce abin da ke hana Sammani sukuni. Ita kaɗai Allah ya ba su. Da safen ranar da abin ya faru ta shirya za ta bikin ƙawarta, uwar ta ce mayafin ya yi ƙanƙanta ta sake wani. Magana ta ja magana, yarinyar ta ce mata, ke me kika sani a al'adarmu, ai ba 'yar nan ba ce ke. Ta ja ƙofa ta fita. Kafin ta dawo an kwashi uwar zuwa asibiti. Tun daga nan Hauwa'u ta sa wa ranta cewa maganarta ce ta kori Hausa daga bakin uwarta. Ta durƙusa a bakin gadon ta roƙi gafara ba sau ɗaya ba, Yaya Tani ma ta taya ta, sai dai amsar da ke fitowa ita ce wannan magana da ba wanda ya san gabanta balle bayanta. Ko yafewa ce, ko baki ne ake yi mata, ba ta sani ba. Kowa kuma a ɗakin nan ya san abin da ake nufi da uwa ta bar duniya ba ta yafe wa ɗanta ba.

Sammani ya ciro wayarsa ya kara kusa da bakin matarsa, ya ɗauki muryarta. Hauwa'u ta bi shi har baranda. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Baba, kada ka dawo ba da wanda zai ji ba."

Babaji ya goya shi a babur. A hanya yana ta ba shi baki, wai ai da zarar ɗan Filifin ya ji Filifinanci shi ke nan, ko Bakano da duk lanƙwasar bakinsa in ka ce masa "lahiya" ya san lafiya kake nufi. Sammani ma haka ya ɗauka. In an tambaye shi yaren matarsa, Filifinanci yake cewa, kamar yadda ake cewa Larabci ko Faransanci. Ita kuma ba ta taɓa gyara masa ba. Da wa za ta yi yaren a Katsina? Iyayenta sun rasu tana Jidda, ƙanenta ɗaya ya daina ɗaga waya bayan ta musulunta, daga baya lambar ma ta mutu. Sai dai wani lokaci in tana tsintar shinkafa yakan ji tana ƙus-ƙus ita kaɗai, in ya shigo ta yi shiru.

Sun sami injiniyan a gindin mangwaro a tsakar gidansa, ya kwance wani inji yana wanke kayan cikinsa da fetur. Danilo sunansa, ya manyanta, kuma yana jin Hausa daidai gwargwado, domin ya yi shekaru a Potiskum da Gashuwa. Ya goge hannu ya kawo musu ruwa, ya karɓi wayar ya kara a kunne. Sammani ya kafe shi da ido. Ya ga ya yi murmushi da farko, sai murmushin ya ɓace, ya sake kunnawa, ya sake.

Da ya sauke wayar ya ce kalma biyu kawai ya kama. Akwai "ina", wato uwa, akwai "anak", wato ɗa ko 'ya. Sauran duk ya wuce shi.

"Amma ba ƙasarku ɗaya ba?" in ji Babaji.

Danilo ya ce ƙasarsu ɗaya, amma yare ya fi ɗari a cikinta. Shi mutumin tsibiran tsakiya ne, Sebuwano yake yi a gida, Tagalog a makaranta. Ya tambayi Sammani garin matar. Sammani ya ce Bagiyo take cewa, amma nan ne inda ake hawa mota, ƙauyensu na can sama kan duwatsu, inda sanyi yake hana wanka da safe. Danilo ya gyaɗa kai ya ce ya zata. Mutanen kan dutse ne, na arewacin babban tsibiri, wurin da ake kira Kodiliyera.

Ya ɗaga kai ya nuna musu mangwaron da suke zaune a ƙarƙashinsa. Ya ce gindin ɗaya ne. Masana sun ce yarensa da na matar Sammani da na mutanen Indunusiya da Maleshiya, har da na Madagaska da ke nan gefen Afirka, duk daga gindi ɗaya suka tashi, ana kiransa Ostironeshiya. Shi ya sa "ina" da "anak" suka iso kunnensa. Amma nasa reshen ga shi can ya leƙa titi, nata kuma ga shi ya haura katangar baya. Sammani ya tuna wata shekara a Mina, Ramla ta ji wasu alhazan Indunusiya suna ƙirga mutanensu, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ashe su ma "lima" suke ce wa biyar. A lokacin bai tambaye ta komai ba, hankalinsa na kan motar da za su hau.

Babaji bai gamsu ba. Ya ce in dai dangi ne ai dole a ji juna. Danilo ya ce a Potiskum wani malamin makaranta ya gaya masa Bolanci da Ngizimanci dangin Hausa ne. "Kai kana jin Bolanci?"

"Allah ya kiyaye," in ji Babaji. "Ni Hausar ma ta Sakkwatawa sai na nutsu."

Sammani bai yi dariya ba. Kalmomin nan biyu yake juyawa a ransa. Uwa da 'ya. To in ba maganar yafewa ba, wace magana ce tsakanin uwa da 'ya a kan gadon asibiti? Ya ɗan ji sauƙi, ya kuma ji tsoro, don tsinuwa ma da waɗannan kalmomin ake yin ta.

Danilo ya ba shi lambar wata ma'aikaciyar jinya a Kano, Sista Erlinda. Ya ce 'yar arewacin Filifin ce, Ilokano take yi, kuma Ilokano a can kamar Hausa take a Jos, kowace ƙabila ta sauko kasuwa da ita take ciniki. Ya kira ta da kansa ya yi mata bayani, sannan ya miƙa wa Sammani.

Muryar dattijuwa ce, Hausarta tas, ta Kanawa. Ta yi masa ya mai jiki, ta tambayi magungunan da aka ba Hajiya, sannan ta ce ya turo muryar. Suna nan zaune ta kira. Ta ce ta ji fiye da abin da Danilo ya ji, amma ba za ta yi masa ƙarya ba, kamar mutum ne yana jiyo hira ta bayan katanga. Akwai maganar gida a ciki, akwai wani abu kamar abinci ko shinkafa, amma wa ke zuwa gidan, wa ke magana da wa, ba ta sani ba.

Sammani ya ce ai an ce duk 'yan arewa ne.

Ta ce haka ne, gida ɗaya ne, amma gida mai sassa. Masana sun haɗa yarukan arewa sun sa musu sunan duwatsun. Ilokano na ciki, sai dai ita tun da wuri ta ware ta yi sashenta ita kaɗai a bakin teku. Akwai sashen mutanen kwarin babban kogi, su Ibanag. Akwai na kudu, su Ibaloyi da Fangasinan. Sannan akwai na tsakiyar duwatsu, su Kalinga da Ifugawo da Bontok da Kankanaye, kuma a cikin waɗannan ma Bontok da Kankanaye sun fi kusa da juna, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ta yi aiki a wani asibiti a Bagiyo tana budurwa, kunnenta ya san wannan ba Ibaloyi ba ce, ba kuma Ifugawo ba. Sai ta shiga yi masa tambayoyi. Me suke nomawa a ƙauyen? Me uban yake yi?

Nan bakin Sammani ya buɗe. Ya san suna noman kabeji da dankalin Turawa a gonaki hawa-hawa kamar matakala, ana lodawa a manyan motoci zuwa Bagiyo. Ya san uban yana shiga ramin haƙar ma'adinai, ƙurar ramin ce ta cinye masa huhu. Ya san gajimare yana shiga har cikin ɗaki, ya san uwar tana saƙa bargo, ya san akwai wani rafi da ƙanenta ya taɓa faɗawa. Yana faɗa yana mamakin yawan abin da ya sani. Sunan yaren ne kawai bai taɓa tambaya ba.

"To ina jin Kankanaye ce," in ji Sista Erlinda.

Sammani ya maimaita sunan don kada ya ɓace masa. Babaji ya matso ya tambaya ko kankana dai da ake sha, Danilo ya yi masa alama ya yi shiru.

Ta ce ya koma asibiti ya kira ta, za ta gwada yi mata Ilokano, tunda ba ɗan dutsen da ba ya jin ta. Kafin nan za ta yi cigiya a zauren wayarsu na mata 'yan ƙasarsu da ke aiki a waje.

Ya yi azahar a masallacin asibitin, ya daɗe a sujada. Da ya shiga ɗakin Hauwa'u ta dubi bayansa ta ga ba kowa. Ya ɗaga mata wayar ya ce mutumin yana ciki. Ta tambaye shi ko an gane wani abu, ya ce an gane tana ambaton uwa da 'ya. Yarinyar ta rufe bakinta da mayafi. Yaya Tani ta ce to alhamdu lillahi, ai ta faɗa, yafewa ce, Ramla ba ta da riƙo.

Ya kira Kano ya buɗe sifika, ya ajiye wayar a kan matashi. Sista Erlinda ta yi magana a hankali, ta yi tambaya, ta jira. Ramla ta ɗan karkata kai kamar wadda ta ji sallama a gidan maƙwabta, ta motsa baki, sannan ta mayar da idonta kan fankar silin. Sista Erlinda ta sake gwadawa, har ta ɗan rera wata waƙa. Daga ƙarshe ta ce, "Alhaji, ita ma Ilokanon a kasuwa ta koye ta. Ta tafi tare da Hausar."

Amma ta ce kada ya karaya, an sami wata. Felisa sunanta, 'yar Kankanaye ce, tana kula da wani tsoho a ƙasar Italiya. Ba ta iya ɗaukar waya sai tsohon ya yi barcin rana. Ba ta jin Hausa, Turancinta ma kaɗan ne, don haka za a haɗa su uku: Felisa ta ji ta faɗa mata da Ilokano, ita kuma ta juya masa da Hausa.

Suka zauna jiran barcin wani tsoho a Italiya. Nas ta zo ta sauya ledar ƙarin ruwa. Matar gadon gefe, wadda aka kawo daga wani ƙauye ta wajen Batagarawa, ta tambayi Yaya Tani ko gaskiya ne za a kira ƙasar Hajiya a waya, Yaya Tani ta ce ai har an kira Kano, yanzu Italiya ake jira. Hauwa'u ta jiƙa tsumma tana goge wa uwar goshi. Sammani ya duba cajin wayarsa, ya fita ya ari wayar Babaji ya riƙe a aljihu ko da za a buƙata.

Gab da la'asar wayar ta yi ƙara. Ya ajiye ta a kan matashin. Wata siririyar murya ta fito, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada wani. Sista Erlinda ta tambayi sunan Hajiya na gida, Sammani ya ce Dominga. Rabonsa da furta sunan tun a Jidda. Muryar ta kira sunan, ta ƙara da wasu kalmomi.

Ramla ta juyo gaba ɗaya, har ƙarin ruwan ya girgiza. Ta amsa. Muryar ta ƙara, ta sake amsawa, da sauri yanzu, kalma na bin kalma. Ta saki hannun Hauwa'u ta lalubo wayar ta jawo ta kusa da kumatunta. Can Felisa ta faɗi wani abu, sai ga Ramla tana dariya da rabin bakinta, dariyar da ba a ji ba tun da aka kawo ta. Matan ɗakin suka taso suka kewaye gadon. Yaya Tani tana ta Allahu akbar a hankali. Hauwa'u ta tsaya da jiƙaƙƙen tsumma a hannu tana kallon uwarta.

Sista Erlinda ta riƙa jefo musu abin da ake cewa guntu-guntu. Felisa ta ce yaren ɗaya ne, sai dai lafazin ƙauyukansu ya ɗan bambanta. Suna lissafa sunayen garuruwa. Hajiya tana tambaya ko an gyara hanyar da ruwa ya cinye. Tana tambayar kuɗin kabeji a bana. Ta ce ta aika wa babanta maganin tari, ko ya isa.

Sammani ya ji wannan ta ƙarshen, ya dubi Yaya Tani, ita ma ta dube shi. Uban ya rasu tun kafin aurensu.

Hauwa'u ba ta lura ba, ko ta lura ta ƙi ɗauka. Ta durƙusa ta kama hannun uwar ta ce a gaya mata ita ce, Hauwa'u, tana roƙon ta yafe mata maganar da ta faɗa. Saƙon ya tafi Kano, daga Kano ya tafi Italiya, ya dawo ta bakin wayar. Ramla ta saurara. Ta dubi yarinyar da kyau, ta kama wuyan hannunta, ta faɗi maganar nan dai, mai hawa da sauka, mai ƙarewa kamar tambaya. Wannan karon ta ƙara da wata 'yar gajeruwa.

Sannan Felisa da Sista Erlinda suka yi magana tsakaninsu, ta ɗan ja. Felisa ta sake tambayar Ramla wani abu, ta amsa tana nuna Sammani da haɓa.

"Alhaji," in ji Sista Erlinda, "rufe sifikar ka kara a kunnenka."

Ya zare wayar daga hannun matarsa a hankali, tana bin ta da ido. Ya fita baranda. Ta taga yana hango Hauwa'u a durƙushe inda ya bar ta.

Sista Erlinda ta ce za ta faɗa masa yadda aka faɗa mata, ba ragi ba ƙari, shi ya san yadda zai yi da shi. Hajiya tana ganin tana Jidda ne, ba ta daɗe da zuwa ba, ta yi rashin lafiya an kwantar da ita a asibitin da take aiki. Maganar da take ta maimaitawa ita ce: wannan yarinyar da ke zaune wurina kullum tana kuka, 'yar wace ce? Ta rame. A ba ta abinci ta ci, a mayar da ita gida wurin uwarta, uwarta na can tana nemanta.

Sammani ya dafa ƙarfen barandar. Ya tambaya da aka ce mata 'yarta ce fa, me ta ce?

Sista Erlinda ta ce Hajiya ta ce ita ba ta da 'ya, ko aure ba ta yi ba. An kuma tambaye ta shi, ta ce ta san shi, direban motarsu ne, mutumin kirki, yana jiran ta ko ta makara. Ta ce shi za a roƙa ya kai yarinyar gida.

Ya tambaya ko za a iya sa ta ta faɗi kalmar yafewa, ko da ba ta gane ba. Sista Erlinda ta ce Felisa ta gwada, Hajiya ta ɗauka wasa ake yi mata, ta koma maganar abincin. Sistar ta ƙara da cewa ƙwaƙwalwa takan dawo wani lokaci, wani lokaci kuma ba ta dawowa, ita ba za ta yi masa alkawari ba. Felisa ta ce za ta riƙa kira kullum in tsohonta ya yi barci, ko don Dominga ta sami abokin hira. Ya yi musu godiya. Ya ce a gaya wa Felisa Allah ya saka mata, ya kashe wayar.

Ladan ya kira la'asar. Sammani bai taɓa yi wa 'yarsa ƙarya ba, kuma maganar wanda ke kan gadon nan ba abin da mutum zai ƙara wa ko wasali ba ne, gobe kiyama za a tambaye shi. Ya kuma san 'yarsa. In ta ji uwarta ta ce ba ta da 'ya, za ta ɗauka amsar maganarta ce aka mayar mata, ta riƙe ta har tsufanta. Ya goge fuskarsa da hularsa ya mayar, ya shiga.

Duk ɗakin shi ake kallo. Hauwa'u ta miƙe.

"Baba, ta yafe mini?"

"Ta ce ki ci abinci."

Ta tsaya tana dubansa, tana jiran saura.

"Ta ce kin rame," in ji shi. "Tun da ta farfaɗo abin da take ta faɗa ke nan. A ba ki abinci ki ci."

Hauwa'u ta juya ta dubi uwarta. Sai kuka da dariya suka zo mata tare. Ta ce Mama ke nan, ko duka ta yi maka sai ta biyo ka da kwano. Yaya Tani ta ce to me ya fi wannan, uwar da ke fushi ai ba ta cigiyar cikinka. Ta jawo kular da aka kawo daga gida ta zuba mata shinkafa da wake, ta sa mai da yaji. Da ta ɗago ta dubi ƙanenta sau ɗaya, ba ta tambaye shi komai ba.

Yarinyar ta zauna a bakin gadon ta sa hannu. Tana ci hawaye na ɗiga a kwanon, tana ɗaga kowace loma uwar ta gani. Ramla tana kallon ta tana gyaɗa kai, da irin fara'ar da takan yi wa 'ya'yan maƙwabta in sun shigo ana cin abinci. Da kwanon ya yi rabi ta ɗago ido ta nemi Sammani, ta nuna masa yarinyar da haɓa, ta faɗi ƙarshen maganar tata a hankali, cikin ladabi, kamar mai neman alfarma.

"Me ta ce kuma, Baba?"

"Ci ki gama," in ji Sammani. Ya dubi matarsa ya gyaɗa mata kai, alamar ya ji, zai kai ta.